Shitu Ya Gyara Kangon Tikal

A cikin Hausawan da ke zaune a Guangzhou babu wanda masu masana'anta suka tsani ganin fuskarsa kamar Malam Shitu. Aikinsa duba kaya. Ɗan kasuwa zai yi odar faranti ko kofuna ko tayil daga Kano, kafin a rufe kwantena sai Shitu ya je sito ya sa a buɗe masa kwalaye. Zai ɗauki faranti ya ƙwanƙwasa shi da zoben azurfar da ke yatsarsa, ya kara a kunne. In ƙarar ta fita ras, ya wuce. In ta mutu, akwai tsaga ko da ido bai gani ba, sai ya ture shi gefe ya ce, "Bu shin," wato ba za ta yiwu ba. Ya haura shekara goma a ƙasar Sin, amma in aka cire gaisuwa da godiya, Sinancinsa bai wuce wannan ba sosai. Shi da bakinsa yakan ce kalmar da ta ciyar da shi ta aurar da shi, me zai kai shi neman wata.

Kunnen gadonsa ya yi. Mahaifinsa, Malam Mas'udu na unguwar Koki, tangaran yake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, kuma mutum ne da ya gwammace mai saye ya tafi haka nan da ya sayar masa da kofin da bakinsa ya ɓantare. Shitu ya gama sakandare ya so ya ci gaba, sakamakon jarrabawa ne bai so shi ba, sai ya zauna a rumfa. A nan wani babban ɗan kasuwa, Alhaji Maidaji, ya gan shi yana sauraron faranti kamar mai sauraron labarai, ya ɗauko shi zuwa Guangzhou ya duba masa kaya na 'yan makonni. Alhaji ya koma, Shitu ya ce zai tsaya kafin sauran kaya su kammala. Kaya kuwa ba su taɓa kammala ba. Ya kama ɗaki a unguwar Sanyuanli a saman wani shagon jakunkuna, ya buɗe ɗan ofis mai tebur ɗaya da fanka, ya je gida ya auri Najiba ya dawo. Tun yana zuwa duk babbar salla har ya koma sai an tsallake shekara, har 'ya'yansa suka fi sabawa da shi a waya, inda ake iya rage masa murya in ya fara faɗa.

Sai zamani ya juya masa baya. Annobar korona ta rufe hanya, da aka buɗe naira ta riga ta zube, 'yan kasuwarmu kuma sun gano cewa mai masana'anta zai iya nuna musu kaya ta bidiyo suna kishingiɗe a falonsu. Ba a jin ƙarar faranti a bidiyo, amma wa ya damu? Takardar zaman Shitu kuwa da ofishinsa take rataye, ofishin da ba ya fitar da kaya ba a sabunta wa mai shi takarda, tasa kuma saura watanni. In shekarar ta fita bai loda kwantena ba, sai dai ya tattara akwati ya koma Kano da furfura da kalmar Sinanci guda. Wannan abu ya tsorata shi ƙwarai, fiye da yadda zai iya gaya wa Najiba. Komawar kanta ba ta dame shi kamar tambayar da ya san za a riƙa yi masa a majalisa ba: "Malam Shitu, yaushe za a koma ne?"

Yana cikin wannan hali, lokacin baje kolin bazara da ake yi a unguwar Pazhou, abokinsa Abdul-Samed, mutumin Kumasi mai harkar jigilar kaya, ya hawo ofis da wani baƙo.

"Massa Shitu, ga kastoma na kawo maka. Ba namu ba ne, Guatemala ya fito. Ya ce yana son mutum mai ido, na ce na san mai kunne ma."

Shitu bai san inda Guatemala take ba, ya dai gyaɗa kai kamar yana da dangi a can. Baƙon gajere ne kakkaura mai suna Eusebio. Turancinsa da na Shitu duk na kasuwa ne, inda ya ƙare musu sai waya ta fassara. Yana da shago kusa da wani tsohon birni na ƙabilar Maya da ake kira Tikal, inda baƙi ke zuwa kallo su sayi tsaraba. Ya warware wata riga daga jakarsa ya fito da samfur: ɗan gini na siminti da farar ƙasa, bai fi tsawon tafin hannu ba, hawa-hawa yana tsukewa zuwa sama, da matakala a gaba da ɗan ɗaki a ƙoli. Dubbai yake so. Zai koma gida, ya dawo baje kolin kaka ya karɓi kaya.

"Sem-sem," in ji Eusebio, yana nuna samfurin da yatsa, wato a yi su kamarsa sak.

"Ba matsala, laoban," in ji Shitu, don duk mai kawo oda sunansa maigida, ko da wane harshe.

Sai da baƙo ya sauka Shitu ya sa tabarau ya duba abin da kyau, ransa ya ɓaci. Kusurwa guda ta zube. Matakala sun ɓanɓantare. Tsaga ta taso daga gindi har tsakiya, launin kuma toka-toka da dabbaren baƙi kamar bangon banɗaki da damina. Tausayin Eusebio ya kama shi. Bawan Allah ya ratso duniya da samfur a naɗe a riga, ma'aikatan jirgi sun wurga jakar sun farfasa masa, kunya ta hana shi faɗa. Haka Shitu ya fassara lamarin, bai kuma ga dalilin tambaya ba, don tambaya ƙara wa mutum kunya ce. Akwai hotuna da Eusebio ya tura masa a waya. Ya hango kore ya yi yawa, ya ɗauka gonar mutumin ce, bai buɗe ba.

A nan ya kamata a yi masa adalci, domin halin namu ne mu duka. Mu mutane ne da ke barin leda a jikin kujerar mota har ta yage don kanta, saboda a san sabuwa ce. In bango ya tsufa a garinmu ba 'yan kallo muke kira ba, birkila muke kira. A ce mutum ya hau jirgi don ya je ya ga gini ya rushe, sannan ya sayi ɗan ƙaramin rusasshe ya kai wa matarsa tsaraba, wannan ko a mafarki bai taɓa zo wa Shitu ba.

Ya ɗauki samfur ya kai wa Madam Liang, wata mata mai masana'antar tukwanen fulawa da kayan adon lambu a bayan gari, wadda ta sha wuyarsa a baya. Ta juya abin a hannu, ta ce za a kwafa shi yadda yake.

"Bu shin," in ji Shitu.

Ta taɓa wayarta ta miƙo masa wani hoto, tana bayani da hannu cewa ai abin haka yake. Shitu ko kallo bai yi ba. Duk mai masana'antar da ya taɓa son ya cusa masa fasasshen kaya, da "ai haka yake" ya fara. Ya tsaya a kansu aka cike kusurwar da ta zube, aka daidaita matakala, aka toshe tsagar, aka shafe jikin ya yi sumul. Da aka zo fenti ya ce toka ba launin da za a ba mutum ba ne, ya zaɓi ja irin na jar ƙasa. Madam Liang ta kalle shi, ta ɗaga kafaɗa, ta sa aka zuba dubbai. Ya yi makonni yana zirga-zirga a jirgin ƙasa da tasi yana bin su da zobe, wanda ya yi ko ɗan ƙwarzane ya ture shi gefe. Tun da ya fara sana'a bai taɓa fitar da kaya masu tsabta irin waɗannan ba. Har ya kira Najiba ya ce mata Allah ya kawo mafita.

Kaka ta yi, Eusebio ya dawo, Abdul-Samed ya rako shi masana'anta. Shitu ya sa babbar riga. Shi da hannunsa ya yanka salatif ɗin kwalin farko, ya ja da baya yana jiran godiya.

Eusebio ya leƙa. Ya ciro ɗaya, ja fes yana sheƙi. Ya ciro wani. Ya nemi kwali ya zauna a kai.

"Ka gyara," in ji Eusebio.

"Na gyara, laoban. Kyauta ma, ban ƙara maka komai ba."

Eusebio ya karɓi wayar Shitu, ya buɗe hotunan nan da ba a taɓa buɗewa ba. Ga gini nan na dutse ya fi itatuwan daji tsawo, toka-toka da dabbaren baƙi, kusurwa a zube daidai inda ta samfur ta zube, mutane a gindinsa kamar tururuwa suna ɗaukar hoto. Shitu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Abdul-Samed ya juya yana kallon bango, kafaɗunsa na rawa. Madam Liang kuwa ta naɗe hannu ta tsaya inda Shitu zai gan ta sosai.

Sai Eusebio ya fashe da dariya har da hawaye. "Abin haushin ma," ya ce, "masu tonon kayan tarihi sun ce da can haka gine-ginen suke, a shafe sumul, da jan fenti. Ka yi daidai, abokina. Makara ka yi da shekara dubu. Baƙina kango suke zuwa gani, kango suke saye. Wannan ko ɗaya ba zan sayar ba."

Dariyar ba ta sauya komai ba. In Eusebio bai karɓi kaya ba babu kwantena, in babu kwantena babu takarda. Madam Liang ta ce ba za ta sake zubi ba, tunda Shitu ne ya tsaya kai da fata sai an gyara, lokacin jirgin ruwa kuma ya matso. Hanya ɗaya ta rage, ita ce a lalata su da hannu.

Haka aka wayi gari Malam Shitu, ɗan Malam Mas'udu mai tangaran, yana zaune a kan ɗan benci a kusurwar masana'anta, ya naɗe hannun riga, yana fasa kaya lafiyayyu da guduma. Madam Liang ta ba shi ma'aikata su taya shi, sauran kuma suka riƙa zuwa kallo lokacin cin abinci da kwanukansu a hannu. Akwai wani tsoho mai haɗa fenti wanda Shitu ya taɓa mayar wa da aikin mako guda. Duk wanda Shitu ya fasa sai tsohon ya ɗauka, ya kara a kunne, ya girgiza kai ya ce, "Bu shin." Shitu bai iya yin fushi ba. Shi ma da ɗan kallo ne da ya fi kowa dariya.

Da ya tara kwali guda ya kira Eusebio ya duba. Eusebio ya jera su a ƙasa, ya girgiza kai. Duk a wuri ɗaya suka fashe, girman fashewar ɗaya, bakinta kaifi tsaf. Shitu ko ɓarna zai yi sai ya yi ta da tsari.

"Wannan aikin guduma ne," in ji Eusebio. "Tikal ba guduma ce ta ci ta ba."

"To me ya ci ta?"

Suka tafi wani shagon taliya na Musulmin Sin da ke bakin titi, Eusebio ya ba shi labari, rabi da baki rabi da waya. Birni ne babba a tsakiyar kurmi, da sarakuna da kasuwanni, da mutane masu rubutu a jikin dutse, masu lissafin taurari da kwanakin shekara. Babu kogi kusa, sai suka haƙa manyan tafkuna suna tara ruwan damina su sha da rani. Suka yi ƙarnoni a haka, suna yaƙi da maƙwabta, wani lokaci su ci wani lokaci a ci su. Daga baya fari ya riƙa zuwa, yaƙi ya yi yawa, gonaki suka gaji. Mutane suka riƙa raguwa, har aka daina kafa duwatsun sarakuna, har birai suka gaji fada.

"Mutanen fa?" in ji Shitu. "Ƙarewa suka yi?"

Eusebio ya nuna ƙirjinsa da tsinken cin taliya. "Ga mu nan. Ba mutuwa muka yi ba, tashi muka yi. Ni a ganina ma babu wanda ya ja ƙofa ya ce ya bar ta har abada. Kowa cewa ya yi bari in je in dawo in abubuwa sun gyaru. Ruwan sama da saiwar itace suka yi sauran aikin. In kana son naka ya yi kama, nemi ginin da ba wanda ya rusa shi, barinsa kawai aka yi, ka kalle shi da kyau."

Shitu ya ajiye cokali, don shi har yau da cokali yake cin taliya. Ya san irin wannan gini. Gidan mahaifinsa ne a Koki. Tun da Malam Mas'udu ya rasu, mahaifiyarsu ta koma wajen ƙanwarsa, Najiba da yara suna haya a Rijiyar Zaki, 'yan uwa suka ce a bar wa Shitu na China ya gyara gidan, shi kuma ya ce sai kwantena ta gaba.

Da la'asar, lokacin da hantsi ya yi a Kano, ya kira Najiba ya roƙe ta ta hau adaidaita ta je Koki ta nuna masa gidan ta bidiyo. Muryarta ta sauya nan take. Ba ta tambayi dalili ba, ta ce yanzu ma kuwa.

Sai da ta sa kafaɗa ƙofar zauren ta buɗe. Awakin maƙwabta suka watse ta inda katanga ta faɗi. Shitu ya sa tabarau.

"Matso da wayar. Ɗaga sama kaɗan. Tsaya nan."

Ɗakin baya, inda aka haife shi, ta sama ya fara ci. Indararo ya faɗi, ruwa ya riƙa bin bango, ya zana baƙin layi har ƙasa. Babu kaifi ko ɗaya, duk kusurwa ta dakushe ta yi laushi. Azara ta leƙo. Wani ɗan durumi ya tsiro a saman bangon, saiwarsa ta bi ta ciki, tsagar kuma saiwar take bi, tana karkacewa inda ta karkace. A can ƙarƙashin taga inda ruwa bai kai ba, shafen da mahaifiyarsa ta sa aka yi yana nan da ɗan sauran launinsa. Idonsa na sana'a ya kwashe duk wannan tsaf.

"Abban Balkisu," in ji Najiba, "in kira Alhasan birkila ya zo ya auna ne? Ko ka fi so sai ka iso?"

Ya so ya ce e. Bai iya yi mata ƙarya ba.

"A'a. Samfur nake dubawa."

 Ya yi mata bayani, da mutumin Guatemala da guduma da tsoho mai fenti, yana ƙoƙarin ya mai da abin raha.  Ita dai ta riƙe wayar daidai har ya gama kallon duk abin da yake so.

Washegari ya ajiye guduma. Ya nemi burushin ƙarfe da sanfefa da bokitin ruwa, ya nuna wa ma'aikatan yadda za su ci kusurwa daga sama, su dakusar da ita, su ja tsaga a karkace, su zubo baƙin fenti ta inda ruwa zai bi, su bar ɗan ja a lungu. Babu biyu da suka yi kama da juna. Tsoho mai fenti ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, wannan karon ya sa shi a kwali. Eusebio ya zo ya jera su a ƙasa, ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"Ka taɓa zuwa can ne?" ya tambaya.

"Kusan haka," in ji Shitu.

Aka rufe kwantena, Abdul-Samed ya sa ta a jirgi. Eusebio ya ce baɗi zai ninka oda, kuma Shitu kaɗai ya yarda ya lalata masa kaya. Labari ya zaga Sanyuanli kafin jirgin ya bar tasha, har mutanen Nijar da ba su san shi ba suna tare shi a hanya su tambaye shi ko yana karɓar aikin fasa tayil. Shi ne ma ya fi kowa iya ba da labarin.

Ranar da aka sabunta masa takarda ya fito bakin titi ya kira Najiba.

"An ba ni."

"Alhamdu lillahi. Barka."

"Kuma mutumin ya ce baɗi zai dawo da odar da ta fi wannan."

"To madalla," in ji ta. "Ɗakin Baba ma ya fara tsagewa ta gabas. Kafin baɗi ya nuna, sai ka samu sabon samfur."

Shitu ya yi dariya, don maganar ta cancanci dariya. Ya ɗan jira ta taya shi, ba ta taya shi ba.